Yatsu Goma da Muciyar Orpha

Ni ne Elam Pruitt na garin Pardee. Shekarata tamanin da ɗaya, yatsuna kuma goma ne cif. Wanda bai yarda ba ya zo ya ƙirga, ina nan gidan da ke bayan tankin ruwan tasha, ba na zuwa ko'ina. Ban taɓa shiga aji ba. Baƙaƙen da nake rubutun nan da su a jikin taragai na tsince su ɗaya bayan ɗaya, saboda haka wanda ya ga kuskure ya haɗiye abinsa.

Jarida ce ta sa na ɗauki alƙalami. Makon jiya na ga an buga rasuwar Mista Thaddeus Vantine, har da hotonsa da gemu. Suka ce shi ne ya tattara matattun layukan dogo huɗu ya mai da su ɗaya, ya busa musu rai. Wannan gaskiya ne, ina wurin. Suka ce kuma shi ya ƙago sandar nan da ta tsirar da hannayen ma'aikata, wadda ake kira sandar Vantine. To, a nan ne na ajiye jaridar na nemi takarda.

Yaran yanzu ba su san yadda ake haɗa tarago a zamaninmu ba. Yanzu taragai biyu su gwabza kai su kama juna da kansu, mutum yana gefe da hannu a aljihu. Mu a da, kowane tarago yana da bakin ƙarfe a gindinsa. Akwai dogon zobe mai nauyi, akwai ƙatuwar ƙusa. Za ka shiga tsakanin taragon da ke tsaye da wanda inji ke turowa da baya, ka ɗaga zoben da hannunka, ka saita shi ya faɗa bakin da ke tahowa, ka zare hannu, ka saki ƙusa. Tsakanin shigar zobe da haɗuwar ƙarfe da ƙarfe ƙiftawar ido ce. Wanda ya makara, yatsansa ya zama na kamfani.

Shi ya sa idan baƙo ya zo neman aiki ba a tambayarsa takarda. Shugaban fili zai ce masa kawai, ɗaga hannuwanka. In babu yatsa biyu ko uku, an san tsohon hannu ne, sai a ɗauke shi nan take. In suna nan duka, ɗan koyo ne. Haka ake yi a kowace tasha, ba wanda ya taɓa ganin laifin abin.

Ni kuwa shekara ashirin da biyu na yi tsakanin taragai, ko farce ban bari ba. Ku tambayi duk wanda ya rage.

Sirrin ba wani abu ba ne, matata ce, Orpha. Mahaifinta wannan aikin ya yi, tarago ya cinye masa hannun dama har wuyan hannu, ita ta yi ta ɗaure masa igiyar takalmi tun tana ƙarama. Ranar da na fara aiki bayan aurenmu ta tare ni a ƙofa, ta miƙo mini muciyar da take tuƙa tuwon masara da ita.

Na ce, “Wannan fa?”

Ta ce, “Da ita za ka riƙa ɗaga zoben. In tarago zai ci, ya ci itace.”

“Orpha, so kike maza su mai da ni abin dariya?”

“Su yi ta yi. Mai yatsa uku ai ba ya ɗaure wandonsa, dariya kaɗai ta rage masa.”

Da fari a cikin takalmi nake ɓoye ta. Kwana nawa ne, aka gani. Daga ranar sunana ya ɓace, na koma Muciya. Wanda ya fi kowa matsa mini shi ne Virgil Hatch, abokina, mai yatsa bakwai. Da ya hango ni da safe sai ya ɗaga murya, “Jama'a, ku ba da hanya, ga uwargida! Muciya, yau me aka tuƙa mana?”

Ni kuma in ce, “Abin da ba ka da yatsun ci.”

Ba zan ɓoye ba, na rama fiye da yadda aka yi mini. Duk ranar Asabar a shagon abincin Madam Dunn nakan baza hannuwana a kan tebur in ƙirga da ƙarfi, ɗaya har goma, in ce wa yake so in ara masa. Nakan kaɗa musu tebur kamar mai kiɗan coci. Ranar da aka naɗe wa wani hannu ma ban fasa ba. Ina ganin ai gaskiya nake faɗa, me ya yi zafi?

Sai tsohon kamfaninmu ya durƙushe. Ciyawa ta fito tsakanin ƙarafan dogo, injuna suka yi tsatsa a rumfa. Ana nan aka ce wani mutumin gabas, Mista Vantine, ya karɓe layinmu da wasu uku. Mutumin ba ya wasa. Ya rufe tashoshin da ba su da amfani, ya tayar da ƙarfen da ya ruɓe ya shimfiɗa sabo, ya sa jirage suna tashi a kan lokaci, abin da ko a mafarki ba mu taɓa gani ba. Amma tsarinsa shi ne sai an share fili tas kafin a yi shuka. Ya sallami kowa, tun daga manaja har mai share tasha, ya ce duk mai son aiki ya zo a ɗauke shi sabo. Tsohon shugaban filinmu, wanda ya san ni kamar tafin hannunsa, yana cikin waɗanda aka kora, ya koma wurin 'yarsa a wata jiha. A gurbinsa aka kawo wani Mista Kilgore, jajayen kunnuwa, guntun yatsa biyu a hannun hagu.

Ranar Litinin ya kafa tebur a tsakiyar fili. Gurbi arba'in ne, mu kuwa mun haura ɗari, har da baƙin da suka zo daga wasu garuruwa. Ni ko a jikina. Na sa rigata ta zuwa coci, na ce wa Orpha ta ɗora wake, ba zan daɗe ba.

Layi ya zo kaina. Kilgore bai ko ɗago kai sosai ba ya ce, “Hannu.”

Na baza su a gabansa, yadda nake yi a shagon Madam Dunn.

Ya ce, “Ba ma ɗaukar 'yan koyo. Na gaba.”

Na ɗauka wasa yake. Na ce, “Yallaɓai, ni ne fa Pruitt. Shekara ashirin da biyu ina haɗa tarago a filin nan.”

Sai a sannan ya dube ni. Ya kama hannuna na dama ya juya shi kamar mai taya kifi a kasuwa. Ya ce, “Ashirin da biyu? Da wannan hannun? Baba, ni shekara tara na yi, ga abin da na biya.” Ya ɗaga dungulminsa. “Kai a coci kake haɗa naka taragon?”

Aka bushe da dariya. Na juya na dubi layi. Mutum sama da sittin a wurin sun san ni, sun ci abinci da ni, na ɗauki gawar 'yan'uwansu. Na ce, “To ku faɗa masa mana! Virgil, faɗa masa!”

Virgil ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Sauran kowa ya samu abin kallo, wani sama, wani tankin ruwa. Gurbi arba'in ne, duk wanda ya shiga ya tare wa wani. Ban da haka kuma, ina jin Asabar ɗin nan ba ta bar zukatansu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda ke bayana. Jasper Noonan sunansa, daga injin yankan katako ya zo, zarto ne ya kwashe masa yatsa uku. Mutumin nan ko taɓa tarago bai taɓa yi ba, a jirgi ma sau biyu ya taɓa hawa. Ya ɗaga hannu, Kilgore ya ce, “Yauwa, ga maza. Rubuta sunansa.” Noonan ya wuce ni yana murmushi kamar ango.

Talata na koma. Kilgore ya ce, “Kai ne kuma?” Na ce ya ba ni tarago biyu da inji ya gani da idonsa. Ya ce injinsa ba na wasan yara ba ne, in tarago ya matse ni wa zai amsa tambaya. Laraba na koma da muciyar, na nuna masa, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya dubi muciya, ya dube ni, ya kira magatakardansa ya ce zo ka ga mai dafa abinci yana neman aikin jirgi. Daga nan ya ce, “Ka ga, baba, gurbi biyu suka rage, Juma'a zan rufe. Je ka, ranar da hannunka ya nuna shaida ka dawo.”

Ina da 'ya'ya huɗu a lokacin. Pardee kuma ba ta da wani aiki sai jirgi. Ban iya noma ba, ban iya ciniki ba. Abu ɗaya na iya a duniya, na kuma fi kowa iya shi, ga shi an ce gwanintar tawa ce shaidar ban iya ba. Na yi ta juya maganar nan a kaina har ta fara yi mini kama da gaskiya.

Alhamis da hantsi na zagaya bayan gida wurin da nake faskare. Na wasa gatari. Na ɗora hannun hagu a kan kututture, na ware ƙaramin yatsa da na kusa da shi, don ɗaya ba zai ishi Kilgore ba. Na lissafa cewa in na naɗe da tsumma na ce tsohon ciwo ne ya tashi, ko in ce jiya na taya wani aiki a wata tasha, zai wuce. Mutum ya san ya kai maƙura in yana shirya wa yatsunsa ƙarya.

Na ɗaga gatarin. Ba tsoro ne ya tsai da ni ba, kar wani ya ce tsoro ne, ina dai duba inda zai sauka. Sai na ji muryar Orpha a bayana.

“Wanne ka zaɓa?”

Na ce, “Itace nake faskarawa.”

“Na gani. Itacen ma har da farce.” Ta ajiye kwandon wanki, ta zo ta tsaya a gabana. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, “Elam, shekara ashirin da biyu kullum ka shigo ƙofar nan sai na ƙirga yatsun nan kafin in dubi fuskarka. Ba ka sani ba ko? Tarago bai samu ba, sai wani mai jajayen kunnuwa da ya zo shekaranjiya ne zai samu, kai da kanka za ka yanka ka kai masa?”

“To me za mu ci, Orpha? Yatsu?”

“Ban sani ba. Amma waɗannan ba naka ba ne kai kaɗai, da muciyata aka tsare su.” Ta ɗora hannunta a kan nawa bisa kututturen. “In za ka sara, sara duka.”

Na jefar da gatarin. Na faɗi maganganu a kan Kilgore da uwar Kilgore waɗanda ba zan rubuta ba, don jikokina sun iya karatu.

Juma'a da rana na tafi tasha, ba don ina da wata dabara ba, ƙafata ce ba ta san wata hanya ba. Na tsaya bayan shinge da muciya a cikin takalmi. Sai na tarar ana ta share-share. Ashe Mista Vantine ne da kansa ya iso, yana zagayen layukansa a taragonsa na musamman, kore mai ruwan zinariya, har da labule. An ajiye shi a gefe, za a haɗa shi da jirgin yamma. Kilgore yana son ya burge, ya duba cikin sababbin mutanensa ya zaɓi wanda ya fi kowa guntayen yatsu. Noonan.

Na ga lokacin da jinin fuskar Noonan ya tsere. Ya shiga tsakani yana riƙe da zoben kamar an ba shi maciji. Inji ya turo. Tun da sauran taku biyar ya saki zoben ya yi tsalle waje. Ƙarfe ya daki ƙarfe, garam! Koren tarago ya yi baya, muka ji kwanuka suna zubewa a ciki. Aka ja gaba, aka sake turowa. Wannan karon ko shiga bai yi ba.

Ƙofar baya ta buɗe. Wani ɗan siririn mutum ya fito, kofi ya jiƙa masa gaban riga. Mista Vantine ke nan. Na zaci zan ga ƙato, ashe ko kafaɗata bai kai ba. Bai yi faɗa ba. Ya ciro agogo daga aljihu ya duba, ya ce, “Mista Kilgore, mun makara da minti shida.”

Kilgore ya fara cire kwat wai zai shiga da kansa. Sai na ji wata murya daga cikin ma'aikata. Virgil ne. Ya ce, “Yallaɓai, ga can wanda zai haɗa shi ko ƙwai ne a ciki ba zai fashe ba.” Ya juyo wajen shinge. “Kai Muciya, tsayuwar me kake yi? Shigo ka tuƙa mana!”

Kwana huɗu bakinsa ya yi kafin ya buɗe, sai da ya tabbata sunansa ya shiga takarda. Na yafe masa, amma sai da na shekara ina tuna masa.

Na tsallake shinge. Na ɗaga wa direba hannu, ya gane ni, tsohon direbanmu ne, ya turo a hankali yadda na saba so. Na zaro muciya, na tallafi zoben da bakinta, na saita, ya shige kamar cokali a baki, na saki ƙusa. Ko labulen bai motsa ba. Na rantse wanda ke ciki bai san an haɗa ba.

Mista Vantine ya sauko. Ya ce, “Ba ni wannan.” Na ba shi. Ya juya ta, ya shinshina ma. “Mene ne wannan?”

“Muciyar matata ce, yallaɓai.”

“Shekara nawa kana aikin?”

“Ashirin da biyu.”

“Hannu.”

Na baza. Ya ƙirga da bakin muciyar, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, “Kwana nawa ka taɓa yi a gida saboda rauni?”

“Ko ɗaya.”

Ya juya wurin magatakardansa ya ce, “Rubuta. Kowane mai haɗa tarago a layukan nan huɗu a ba shi irin wannan.” Ya ce wa Kilgore, “Ɗauke shi.” Ya hau taragonsa, jirgi ya tashi. Da muciyar a hannunsa. Na buɗe baki in ce yallaɓai kayan mutane, ƙarar inji ta danne ni.

Kilgore ya rubuta sunana, kunnuwansa kamar garwashi. Na ce ya sa shekara ashirin da biyu a gefe. Ya ce, “Wane ashirin da biyu? Littafin ɗaukar ma'aikatan kamfanin nan kwanansa biyar a duniya. Dokar Mista Vantine ce, girma daga ranar ɗauka yake farawa. Kai na arba'in ne.”

Na arba'in. Kun ji. A aikin jirgi wanda ya riga ka shiga shi ke zaɓen layin da zai bi, shi ke zaɓen ranar hutu, shi ake fara ƙara wa girma. Duk wanda aka ɗauka Litinin ya girme ni da kwana huɗu, har abada. Shekara goma sha tara na ƙara yi, duk ranar dusar ƙanƙara ni ne a waje, duk layin da kowa ya ƙi nawa ne. Noonan, wanda ni na koya masa inda ake tsayawa don kar a mutu, shi ya zama shugaban ayarinmu. Sau uku ina sa a rubuta wa Mista Vantine wasiƙa. Amsa ɗaya ta zo, wai tsari tsari ne, in an karya wa mutum ɗaya an karya wa dubu.

Bayan wata biyu sandunan suka iso cikin akwati, an goge su sumul, an ƙona sunan VANTINE a jikin kowace. Rabin mazan suka zuba nasu a kogi, wai su ba mata ba ne, suka kuma daina yi mini magana don ni na jawo musu. Sauran rabin suka riƙe. Waɗannan su ne za ku gani yau a Pardee suna ɗaura wa jikokinsu takalmi. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce Elam mun gode. Ni ma aka miƙo mini tawa, da sunan wani a jiki, aka ce in sa hannu na karɓa, har magatakarda yana nuna mini yadda ake riƙewa.

Na kai wa Orpha ita a madadin tata. Ta gwada sau ɗaya ta ce tana sa tuwo gudaji, ta tokare taga da ita. Na sassaƙa mata wata, na sake sassaƙa wata, har ta bar duniya tana cewa ba kamar waccan ba.

Ranar da aka ɗauke ni ɗin nan, da na koma gida, ta tare ni a ƙofa. Na fara ba ta labari tun daga shinge, yadda na tsallaka, yadda mai kamfani ya sauko da kansa. Ta ce in dakata. Ta kama hannuwana ta ƙirga, a fili wannan karon, har goma. Sannan ta ce, “To, ina muciyata?”

Masu jarida su gyara. In kuma cikin magadan Mista Vantine akwai wanda ya ga wata tsohuwar muciya a kayansa, mai ƙuna a gefe ɗaya da shaidar ƙarfe a baki, ta gidan Pruitt ce, bayan tankin ruwa. A aiko.